Gem ɗin da ake bugawa a bakin shagona

Shagona kwantena ce da aka raba biyu, ni na samu ɓangaren da yake kallon titi, nan Kurna. Cajin waya nake yi, da POS, da sayar da data da caja da iyafis da sauran tarkacen waya da nake sarowa a Farm Centre. Allon cajina yana ɗaukar waya sittin, ka ba ni waya in ba ka lamba. Shekara shida ke nan ina wannan zama, kuma na daɗe da gane cewa waya ba ta rufa wa mai ita asiri. Ba buɗewa nake yi ba, Allah ya kiyaye, amana ce. Jikinta kawai nake kallo. Wadda aka miƙo mini da zafi kamar an ciro gurasa daga tanderu, gilashinta duk shatin yatsu sama da ƙasa, ta ɗan gem ɗin harbi ce. Wadda gefenta na hagu daga ƙasa ya goge ya yi wata 'yar da'ira mai sheƙi, inda babban yatsa yake ta murzawa, ta ɗan ƙwallo ce. Wadda batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya kuwa, mai ita yana buga gem tana jikin caji, ko da me zai rantse ba zan yarda ba.

Tawa wayar ma, in za a yi adalci, tana da wannan da'irar. Shekarata 36, da mata da 'ya'ya uku, amma har yau in dare ya yi, masu karɓar waya suka ragu, sai in jawo kujera in buɗe eFootball, gem ɗin ƙwallon ƙafa.

Ni da shi ba yau muka fara ba. Lokacin da na fara ganinsa sunansa Winning Eleven, a wani zaure da ke bayan layinmu, wajen 2001. Talabijin ɗaya mai ƙeya, PlayStation ta farko, benci biyu, da yara kusan ashirin kowa yana numfashi a wuyan ɗan'uwansa. Naira goma ake biya, wanda aka ci ya tashi. Faifan na Japan ne, rubutun ciki duk Japananci, ba mai iya karanta ko harafi ɗaya a cikinmu, amma mun haddace shi kamar karatun allo: ƙasa sau biyu, dama sau ɗaya, ka danna da'ira, ka faɗa wurin canja 'yan wasa. Mai sharhi yana ta ihu da yarensu, mu ma muna maimaitawa a hanyar makaranta ba mu san me muke faɗa ba.

Abu biyu kowane yaro ya sani a zauren nan. Na farko, in ka ɗauki Brazil, ka ciro Roberto Carlos daga baya ka kai shi lamba tara, domin gudunsa da ƙarfin ƙafarsa ba mai tare su. Na biyu, Babangida. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, wanda ya buga wa Ajax ta Holan, yana kuma cikin tawagar Najeriya da ta ciwo zinare a Atlanta a 1996. A cikin gem ɗin nan gudunsa ya wuce hankali. Ka ba shi ƙwallo a gefen dama, ka danne maɓallin gudu, shi ke nan, sai dai a haɗu a raga. Har doka aka kafa a zauren cewa in an sa kuɗin alewa ba a ɗaukar Najeriya, saboda shi kaɗai. Bayan shekaru, da intanet ta wadata, na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai mutane a Brazil da Indonesiya, waɗanda ba su san ta ina Kaduna take ba, amma ka ambaci Babangida sai su yi dariya su fara ba da labarin ƙuruciyarsu. Ranar da na gano haka na ji wani daɗi da ban san dalilinsa ba. Ɗan Arewa, da irin sunan gidajenmu, Japanawa suka zauna a ofis suka sa shi cikin waɗanda ba a kamawa.

A wannan zauren ne Yaya babba ya taɓa ritsa ni wata Laraba da la'asar, jakar islamiyyata tana ƙarƙashin benci. Bai yi magana ba. Ya tsaya a bayana har aka busa tashi, sannan ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama, Yaya. Sauran bayanin jikina ne ya ji shi.

Da PS2 ta shigo sai muka koma kiransa PES. Zamanin Adriano na Inter ke nan, a PES 6 na 2006, wanda in ya saki ƙafar hagu daga wajen yadi na sha takwas gola sai dai ya yi addu'a. Zamanin da Liverpool take Merseyside Red, Manchester City take Man Blue, saboda kamfanin Konami bai sayi izinin sunayensu ba, mu kuwa ko a jikinmu. Wanda yake da katin ajiya shi ne sarki, domin shi kaɗai zai iya jan Master League, ya fara da su Castolo da Minanda, 'yan wasan da ba su taɓa rayuwa a duniya ba amma mun san su fiye da wasu danginmu, ya yi ta tara maki har ya sayi manya.

A 2021 Konami ya canja masa suna zuwa eFootball, ya mai da shi kyauta, ba sai ka sayi faifai ba. Fitowar farko ta sha dariya a duk duniya, fuskokin 'yan wasa kamar an zana su da gawayi, hotunan suka yi ta yawo. A 2022 sabon ya iso waya, aka yi ta gyara a hankali, har ya zama abin da yanzu kusan rabin samarin da ke zuwa shagona suke bugawa. Ka gina ƙungiyarka da kanka, ka zaɓi koci da salon wasa, ka shiga intanet a haɗa ka da wani ɗan'adam a wani wuri. Rukuni goma ne, na goma shi ne ƙasa, na ɗaya shi ne na gwanaye. Ni dai tsakanin na biyar da na huɗu nake kai-komo, kamar ɗan kasuwar da jarinsa ya ƙi gaba ya ƙi baya.

A gaba Osimhen nake sakawa, Lookman a hagu. Kowane ɗan wasa da katinsa mai lambar ƙarfinsa, akwai katunan da suka fi nasu lamba, na sani, yaran nan kullum sai sun gaya mini. Amma mutumin da ya ci uku rigis a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2024, ya karya Leverkusen da ba wanda ya iya dokewa duk kakar, ba zan ajiye shi a benci don wani yaro ya ce lambarsa ta gaza da biyu ba. Salon da nake bi na riƙe ƙwallo ne, a taɓa a ba wani, a jira ƙofa ta buɗe. Kusan kowa yanzu salon farmakin gaggawa yake bi: da an ƙwace ƙwallo, dogon fasin ɗaya ta tsakiyar 'yan baya, mai gudu ya bi, raga. Yana ci, ban musa ba. Sai dai in ka buga da mutum goma a jere duk abu ɗaya suke yi maka, sai ka ji kamar tuwo ɗaya ake ɗumama maka safe da dare. Ko da yake, wa ni da zan yi ƙorafi, ni da na girma ina danne gudu da Babangida?

Mafi yawa bayan sha biyun dare nake bugawa. Lokacin sabis ya fi kwanciya, kuma datar dare ta fi sauƙi, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Duk wanda bai taɓa buga ƙwallo a intanet ba ba zai gane zafin sabis mai ja ba. Ka danna fasin, ɗan wasanka ya tsaya yana tunanin duniya, sai bayan an ƙwace ƙwallon sannan ya wurga ƙafa a iska. Daga nan ne kalmar da kowa ya iya take fitowa: "Wallahi ba shi ya ci ni ba, netwok ne." Wasu kuma su ce gem ɗin ne da kansa ya ƙudura sai an ci su, tun kafin a take wasa an rubuta. Na lura dai ba wanda ya taɓa cewa netwok ne ya ci masa wasa. In an yi nasara gwaninta ce.

Ranar Alhamis da safe ake rufe shi na wasu awanni a zuba sabbin katuna. Ranar za ka ga samari suna ta leƙa waya kamar masu jiran alat na albashi. A nan ne ni ma na taɓa zamewa, kuma gara in faɗa da bakina. Aka saka Ronaldinho a wani akwati mai 'yan wasa 150, manyan cikinsu uku ne kacal, kowane ja ɗaya da kuɗinsa na cikin gem. Waɗanda na tara kyauta suka ƙare, ban samu ba. Na ce bari in ɗan saya kaɗan. Kaɗan ta kira kaɗan. Kafin in farga ribar POS ta kwana huɗu ta tafi, abin da na tsira da shi 'yan baya ne guda biyu da wani gola da ko sunansa ban iya faɗa. Ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya, an rubuta komai a fili, ni ne na ƙi karantawa da idon hankali. Abin ya tsaya mini a rai, har bayan sallar asuba na tsaya na tambayi malaminmu. Na yi ta kewaye-kewaye ina bayanin kati da akwati. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ka ba da kuɗi, ba ka san abin da za a ba ka ba, kana fatan babba ya faɗo?" Na ce haka ne, Malam. Ya ce, "To me kake so in ce maka wanda ba ka riga ka faɗa wa kanka ba?" Ya ɗauki takalminsa. Daga baya na karanta cewa ƙasar Beljiyam tun 2018 ta sa irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi a layin caca. Ashe ba sai an je Turai ba, a ƙofar masallacinmu ma an san hukuncin. Tun ranar ban ƙara sa ko sisi ba. Abin da gem ya ba ni kyauta shi nake ja, in ya ƙare in haƙura.

Tsohuwar gardamar 'yan PES da 'yan FIFA, ɗayan gem ɗin ƙwallon, kuwa tana nan ba ta mutu ba, kamar ta Madrid da Barcelona a teburin mai shayi. Su suna cewa namu ba shi da sunaye da riguna na gaskiya, mu muna cewa nasu ƙwallon kamar a kan santsi take gudu. Abin dariyar shi ne, FIFA ɗin ma yanzu ba FIFA ba ne. Kamfanin EA da hukumar ƙwallon duniya sun raba gari bayan kusan shekara talatin tare, tun daga 2023 sunansa FC, amma je ka kowane gidan gem a Kano ka ce a sa maka FC, sai an dube ka sau biyu. FIFA dai ake cewa, kamar yadda kowane garin wanki yake Omo. Sai kuma ga hukumar ta FIFA ta juyo ta haɗa kai da Konami a 2024, aka yi gasar duniya ta eFootball a Riyad a watan Disamba. Indonesiya ta ɗauki kofin na'urar talabijin, wani ɗan Malesiya ya ɗauki na waya. Wata guda na yi ina tsokanar 'yan FIFA da wannan. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙasashen da suka ci. Ba Jamus ba, ba Ajantina ba. Ƙasashe ne da matasansu suka taso da waya a hannu kamar namu. Yaran da ke zama a bencin shagona, da za su samu wuta da sabis tsayayye, ban ga abin da zai hana a ji sunansu ba.

Bencin nan, daga la'asar zuwa magariba, na 'yan Free Fire ne. Su huɗu ne kullum, wani lokaci da na biyar mai jiran wani ya mutu ya ara masa waya. Gem ne na kamfanin Garena na Singafo, ya fito a 2017. Mutum hamsin ake zubowa daga jirgi a kan tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta tsukewa, wanda ya rage shi ne gwani, duk cikin kamar minti goma. Sirrin karɓuwarsa a wurinmu ba wani abu ba ne, ba ya raina waya. 'Yar Itel ko tsohuwar Tecno da PUBG, wani gem ɗin harbin, zai sa ta suma, Free Fire zai lallaɓa ya tashi a kanta. PUBG mutum ɗari ne, wasa ɗaya ya kan ci rabin awa, yana son waya mai ƙarfi da batir mai haƙuri. Call of Duty na waya, da ya zo a 2019, shi kuma na manyan yara ne, masu iPhone da Redmi, waɗanda suke riƙe waya da yatsu huɗu kamar ƙaguwa. Saboda su na fara saro wata 'yar safar yatsa baƙa da ake sakawa a babban yatsa don kada zufa ta hana santsi. Da aka fara nuna mini ita a kasuwa dariya na yi. Yanzu duk sati sai na ƙaro.

In suna wasa ba ka buƙatar kallon allon, bakinsu ya ishe ka. "Yana saman bene!" "Ta bayanka, ta bayanka!" "Ka tashe ni mana, ɗan'uwa, jinina ya kusa ƙarewa!" "Kai wane irin mutum ne, ka kwashe kayan ka bar ni?" In waya ta yi zafi ta fara sandarewa sai su sayi fiyawota mai sanyi su ɗora ta a kai. Na gaji da faɗa musu cewa raɓar da ke tsatsafowa tana shiga ciki ta ci injin, ba sa ji, sai ranar da aka kai wa mai gyara. Na gwada gem ɗin sau biyu don kada a ce na yi hukunci da ka. Karo na farko ban kai ƙasa da minti ɗaya ba aka kashe ni, ban ma ga wanda ya harbe ni ba. Karo na biyu na ɓuya a wani ɗaki har fili ya tsuke ya cinye ni a ciki, ga jiri yana ɗibata saboda juya kyamara. Na mayar musu da abinsu.

Akwai dalilin da ya sa yanzu ba a buga shi a bencina sai da iyafis. Wani dattijo ne yake gadin shagunan layinmu da dare, ya kan zo da wuri ya zauna kusa da ni, in sa masa 'yar ƙaramar wayarsa a caji kyauta. Daga wani ƙauye yake ta wajen Zamfara, ya taso da iyalinsa shekarun baya da abin ya yi tsanani. Wata rana yaran nan sun ƙure sauti, ana ta ɓarin wuta a cikin waya, sai na ga Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya miƙe, ya koma can bakin kwata ya tsaya yana kallon titi. Na bi shi na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ƙarar nan ce ba na so." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba. Na dawo na gaya wa yaran. Ba wanda ya yi musu a cikinsu, ɗayan ma har ya je ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Washegari uku suka sayi iyafis a wurina, kada wani ya ce ban faɗi ribar da na ci a ciki ba.

Ba kowa ne ɗan ƙwallo ko ɗan harbi ba. Akwai wani mai adaidaita sahu da yake kawo waya wajen tara na dare, bayan ya wuni tun asuba yana fama da cunkoson Kofar Ruwa zuwa Bata. In ta ɗan samu caji sai ya karɓa ya zauna a cikin kekensa ya buɗe Bus Simulator Indonesia, ya yi ta tuƙa bas a titunan wata ƙasa. Na ce masa, "Kai kuwa ba ka gaji da tuƙi ba?" Ya ce, "Oga, nan ba mai tare ni, ba mai ce mini ba shi da canji, ga titi sumul. In na ga dama har sigina nake sakawa." Ya sa wa bas ɗin fenti ruwan ɗorawa irin na adaidaita, ya rubuta sunan mahaifiyarsa a gilashin baya. Wani yaron shagon ɗinki kuma Dream League yake bugawa, saboda ana iya buga shi ko ba data, kuma ana iya ɗora wa ƙungiya rigar da aka ga dama. Ya nemo rigar Kano Pillars, ruwan ɗorawa da kore, ya sa wa ƙungiyarsa suna Sai Masu Gida, ya cika ta da su Mbappe da Salah. Tunda manyan gem ɗin ba su san da gasar Najeriya ba, shi ya yi wa kansa maganin abin.

A gida ma ban tsira ba. Maiɗakina, wadda ta fi kowa yi mini tsiya a kan "wasan yara", Candy Crush take bugawa, ta wuce mataki dubu biyu da wani abu. In rayukanta biyar suka ƙare sai ta ɗauki wayata wai za ta duba lokaci. Ran da 'yan'uwanta suka zo kuwa Ludo King ne a waya ɗaya a tsakiyar tabarma, su huɗu, ana ta "ci ta, ci ta, kada ki bar ta ta shiga gida", har abinci ya kusa kamawa. Na taɓa ce mata ai wannan ma gem ne. Ta ce a'a, nata hutawa ce, nawa ne ɓata lokaci.

Gidan gem na gaske kuwa sai daren Asabar nake leƙawa, ni da abokaina biyu da muka taso tun zauren can. Yanzu PS4 ce ta fi yawa, da PS5 ɗaya a lungu da ake biya mata kuɗi daban. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin wasa ya ninka ya sake ninkawa, domin inji ba ya shan ruwa, sai da mai gidan ya haɗa sola sannan abin ya ɗan daidaita. Yara ƙanana suna can suna yawo da mota a GTA V, gem ɗin 2013 da ya girmi wasunsu, wasu suna fasa wa juna kai a Mortal Kombat. Mu dai ƙwallo. A nan nake yarda in buga FIFA, don su biyun 'yan can ne, kuma gaskiya a babban allo yana da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Na fi shan kashi fiye da yadda nake ci. Amma wasa ɗaya a nan ya fi mini goma a intanet. Wanda na ci a intanet ban san shi ba, wataƙila wani ne a Masar ko Aljeriya, zai kashe waya ya kwanta. Wanda na ci a nan kuwa kafaɗarsa tana gogar tawa, ina jin yadda yake danna hannun da ƙarfi in ya rikice, ina ganin yadda yake satar kallon yatsuna lokacin fenariti, ni kuma in ɓoye hannun a ƙarƙashin riga. Kuma zan gan shi a ɗaurin aure ranar Lahadi in ɗaga masa yatsu uku daga nesa ba tare da na ce uffan ba.

Wanda ya hana ni sakat a 'yan watannin nan shi ne ɗan yayata. Shekararsa 14. Tsohuwar Infinix ɗin mahaifiyarsa yake riƙewa, gilashin a tsage ta kusurwa, sai ranar Juma'a da Asabar ake ba shi ita. Ni na koya masa eFootball da hannuna, ni na nuna masa yadda ake tare hanya maimakon a yi ta afka wa mai ƙwallo. Wata shida bayan nan ya fara cina. Da farko ɗaya da nema, ina cewa na bar masa ne. Sai biyu, sai huɗu. Wata Juma'a ya yi mini shida da ɗaya a gaban 'yan bencin nan, kuma abin da ya fi ciwo ba ya ko murna. In ya zura sai ya tsallake maimaicin, ya ce, "Yi haƙuri, Kawu." Wannan haƙurin da yake ba ni ya fi ƙwallon zafi. Na ba shi labarin Babangida don ya san kawunsa ba a banza ya tashi ba. Ya nema a YouTube, ya kalli Winning Eleven na minti ɗaya, 'yan wasa masu kai kamar bulo, ya ɗago ya ce, "Kawu, a wannan kuka ƙware?"

To, ni ma Allah ya ba ni tawa baiwar. Wayarsa a wurina ake cajinta. Juma'ar da ta wuce waccan ya kawo ta tun bayan masallaci, na karɓa na ba shi lamba kamar kowa, na kai ta layin ƙarshe na allon, ramin da na san ya saki, sai an danna kan cajar da wani abu take kawo wuta. Ban danna ba. Bayan isha ya zo, ya karɓa, ya ga tara cikin ɗari, ya dube ni. Na ce yau wutar ba ƙarfi, in yana tsoro mu bari sai wani satin. Yaro da zafin kai, ya ce mu buga. Ya ci ni ɗaya kafin hutun rabin lokaci, ni kuma na koma baya gaba ɗaya ina ta buga ƙwallo tsakanin gola da 'yan baya, ina canja 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ina kallon kowane maimaici har ƙarshensa. Ana minti na saba'in da wani abu allonsa ya yi baƙi. Na miƙe na sanar wa duk wanda ke wurin cewa a dokar ƙwallo ta duniya wanda ya fice daga fili an ci shi uku da nema. Baba mai gadi ma sai da na sa shi ya shaida.

Bai yi gardama ba. Ya juya wayar a hannunsa, ya leƙa allon cajin, ya daɗe yana kallon layin ƙarshe, ya yi mini sai da safe.

Wannan Juma'ar da ta wuce ya zo tare da mahaifiyarsa. Ta zauna, muka gaisa, ta tambayi yara, sannan ta nuna wani fawabank mai dubu ashirin da ke rataye a bayana, mafi tsada a shagon. Ta ce, "Ɗauko wa ɗanka wancan, ka rubuta a littafi, in an yi albashi ka tuna mini." Yaya ce, ita ta goye ni, ba a ce mata a'a. Na ɗauko na miƙa. Ya karɓa da hannu biyu har da ɗan rusunawa, ya duba fitilun gefe ya ga huɗu duk a kunne, domin ni da kaina nake cika su kafin in rataye. Ya jona wayarsa, ya jawo benci kusa da kujerata, ya ce, "Kawu, in buɗe ɗaki ko kai za ka buɗe?"

Biyar da nema. Kuɗin fawabank ɗin kuma har yau yana littafi.